Gadon ma'auratan jinsi ɗaya a Amurka: abin da doka ke bayarwa da abin da sai an rubuta

Idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, doka ce ke raba dukiyarsa, ita kuwa doka aure da jini ta fi sani. Kowace jiha a Amurka tana da nata tsarin rabon gado, amma galibinsu suna farawa ne da miji ko mata, sai 'ya'ya, sai iyaye da 'yan'uwa. Wanda ba ya cikin wannan jeri ba shi da ko sisi, ko da ya shekara arba'in a gida ɗaya da mamacin. Shi ya sa tsara gado tun da rai ya zama fanni mai zaman kansa ga masu zaman jinsi ɗaya, waɗanda suka daɗe doka ba ta ɗauke su iyali ba.

Shari'ar da haraji ya haifar

A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a Dokar Kare Aure, wadda aka fi sani da DOMA. Dokar ta ce a wajen gwamnatin tarayya aure tsakanin namiji da mace ne kawai. Wannan ya shafi aljihu kai tsaye, domin a 2004 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki ya ƙirga tanade-tanaden tarayya 1,138 da ke la'akari da aure. Ɗaya daga cikinsu ya ce duk abin da mamaci ya bar wa matarsa ko mijinta ɗan ƙasa, ba a karɓar harajin gado a kansa.

Edith Windsor da Thea Spyer, mazauna New York, sun yi aure a Toronto ta Kanada a 2007, bayan kusan shekara 40 suna tare. Da Spyer ta rasu a 2009 ta bar wa Windsor dukiyarta, hukumar haraji ta karɓi dala 363,053, kuɗin da ba za a nema ba da a ce namiji ta aura. Windsor ta kai ƙara. A ranar 26 ga Yunin 2013 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe na DOMA da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Bayan shekara biyu cif, shari'ar Obergefell ta wajabta wa dukkan jihohi ɗaura irin wannan aure da amincewa da shi.

Dalilin da ya sa aure bai wadatar ba

Na farko, ba kowa ne ya yi auren ba, kuma wanda bai yi ba yana nan a matsayin baƙo a dokar gado. Na biyu, haƙƙin da hukuncin kotu ya bayar, wani hukuncin na iya janye shi. A Yunin 2022, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke haƙƙin zubar da ciki, Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa ya kamata a sake duba Obergefell. Majalisa ta mayar da martani da Dokar Mutunta Aure, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Disambar 2022. Dokar ta tilasta wa jihohi amincewa da auren da aka ɗaura a wata jiha, amma ba ta tilasta musu ɗaurawa da kansu ba.

Saboda haka lauyoyin fannin suke dogara da takardu. Wasiyya tana faɗin wanda zai samu kowace kadara da wanda zai kula da rabon. Asusun amana yana miƙa dukiya ba tare da bin kotun gado ba, inda dangin da ba su yarda da zaman ba kan shigar da ƙorafi. Takardar wakilci tana ba mutum ikon taɓa kuɗin abokin zamansa idan ciwo ya kwantar da shi, wata kuma tana ba shi ikon yanke shawara da likitoci. Inshorar rai da asusun ritaya kuwa ba sa bin wasiyya, sunan da aka cike a fom ɗinsu suke bi, ko da an manta ba a sabunta shi ba.

Labarin Sharon Kowalski ya nuna illar rashin waɗannan takardu. A 1983 ta yi haɗarin mota a Minnesota, ƙwaƙwalwarta ta taɓu. Kotu ta ba mahaifinta ikon kula da ita, shi kuma ya hana abokiyar zamanta, Karen Thompson, ganinta har tsawon shekaru. Sai a Disambar 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta miƙa wa Thompson kulawar.

Batun 'ya'ya

A irin wannan iyali, aƙalla ɗaya daga cikin iyayen ba shi da alaƙar jini da yaron. Idan doka ba ta san shi uba ko uwa ba, yaron ba zai gaje shi ba sai da wasiyya, kuma zai iya rasa riƙon yaron idan ɗayan ya mutu. A 2017, a shari'ar Pavan, Kotun Ƙoli ta ce dole jihar Arkansas ta rubuta sunan matar mahaifiya a takardar haihuwa kamar yadda take rubuta na miji. Sai dai takardar haihuwa rajista ce kawai, ana iya ƙalubalantarta. Abin da tsarin mulki ya tilasta wa kowace jiha girmamawa shi ne hukuncin kotu, kamar yadda aka tabbatar a 2016 da aka umarci Alabama ta amince da riƙon yara da wata kotun Georgia ta bayar. Don haka ake ba ma'aurata shawarar neman hukuncin riƙo ko da sunayensu biyu na kan takardar haihuwa.

Idan dukiya ta ƙetare iyaka

Ƙa'idar da kotunan ƙasashe da dama ke bi ita ce, gida da fili suna bin dokar ƙasar da suke cikinta. A Afirka ta Kudu, Kotun Tsarin Mulki ta yanke a 2006, a shari'ar Gory, cewa abokin zaman dindindin na jinsi ɗaya yana gado ko babu wasiyya, kuma a shekarar ƙasar ta halatta auren. A Najeriya akasin haka ne. Dokar Haramta Auren Jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14, ta kuma ce takardar irin wannan aure da aka samo daga wata ƙasa ba ta da tasiri, kotu ba za ta tilasta wani haƙƙi da ya taso daga gare ta ba. Saboda haka mazaunin Houston da ke da gida a Abuja, auren da Amurka ta amince da shi ba ya ba abokin zamansa kason miji ko mata a wannan gida. Kadara ɗaya tana ƙarƙashin wata doka, ɗayar tana ƙarƙashin wata, kuma dole tsarin gadonsa ya duba kowacce daban.