Dodon koɗin Nijeriya: wanda ake ci, wanda ke tace ruwa, da wanda ke raba tsargiya

Abin da Bahaushe ke kira dodon koɗi ko katantanwa dangi ne babba na halittu masu taushin jiki, marasa ƙashi. A Nijeriya akwai na tudu, akwai na ruwan daɗi, akwai tsirara marasa ɓawo da ke fitowa a lambu bayan ruwan sama, sannan akwai masu ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa a ƙasan koguna. Yawancinsu ba sa cutar da kowa. Sai dai wasu 'yan ƙanana daga cikinsu, waɗanda girmansu bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, suna da hannu a rashin lafiyar miliyoyin mutane, kuma ayyukan ruwa da gwamnatoci suka gina sun ƙara masu wurin zama.

Na tudu

Mafi shahara su ne manyan dodon koɗin dazuzzukan kudu, musamman wanda masana ke kira Archachatina marginata, wanda ɓawonsa kan kusan kai tsawon tafin hannun babban mutum. Yarbawa na ce masa igbin, kuma nama ne mai tsada a kasuwannin Legas, Ibadan da Benin. Idan rani ya yi, yakan toshe bakin ɓawonsa da wata farar fata ya kwanta har damina ta dawo, shi ya sa farashinsa ke tashi a lokacin. Sare dazuka da yawan tsinta sun sa mutane sun koma kiwonsa a gida. A arewa ba a cika cinsa ba. Ɓawonsa aka fi sani, wanda yara ke murzawa a ƙasa suna wasan koɗi.

Masu ɓawo biyu

Waɗannan ba su da kai, ba sa kuma yawo sosai. Suna zuƙar ruwa, su tace ƙananan abubuwan da ke cikinsa su ci, su fitar da sauran, don haka kogin da suke da yawa a ciki ya fi tsabta. A Neja da Binuwai akwai Etheria elliptica, wadda ke manne wa duwatsu ta yi tsibi, a kogin Kuros Riba kuwa masunta na nutso su kwaso wata iri da ake sayarwa a kasuwannin Akwa Ibom. Wasu daga cikin masu ɓawo biyu na ruwan daɗi ba sa girma sai 'ya'yansu sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci. Duk kogin da kifinsa ya ƙare, su ma ƙarewa za su yi.

Inda maganar take

Cutar tsargiya, wadda aka fi gane ta da fitsarin jini, tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa dodon koɗin ruwa ne ke renon ta. Mai cutar yana fitar da ƙwan tsutsar a fitsari ko bayan gida. Ƙwan ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi dodon koɗin da ya dace da shi ya shige. Bayan kamar wata guda, sai dubban ƙananan tsutsotsi masu wutsiya su riƙa fitowa, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai mutum ya sha ba. Wanka, wanki, su, ko dashen shinkafa ya isa. Tsutsotsin tsargiyar mafitsara sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara kududdufi.

Iri biyu ne ke wannan aiki a Nijeriya. Bulinus, mai ɓawo ɗan zagaye da bakinsa ke hagu, shi ke ɗauke da tsargiyar mafitsara. Biomphalaria, mai ɓawo shimfiɗaɗɗe a naɗe kamar gammo, shi ke ɗauke da ta hanji, wadda kan lalata hanta ta kumbura ciki. Kowanne ɗaya yana da gaɓoɓin namiji da na mace, don haka ko guda ɗaya ya tsira zai iya sake cika tafki. Wasu nau'o'in Bulinus kan nutse cikin taɓo idan ruwa ya ƙafe, su jira damina. Akwai kuma ɗan'uwansu Radix natalensis, wanda ke renon tsutsar da ke cin hantar shanu da tumaki, abin da makiyaya da mahauta suka daɗe suna asara a kai.

Nijeriya ce ƙasar da ake ƙiyasta ta fi kowace yawan masu tsargiya a duniya. A wasu ƙauyuka cutar ta zama ruwan dare har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro. Wannan fahimta tana da tsada: tsargiyar da ta daɗe tana kawo ƙarancin jini, tsumburewa, ciwon ƙoda, har da sankarar mafitsara. Ga mata kuwa tana shiga mahaifa ta jawo zubar jini da matsalar haihuwa, kuma sau da yawa a asibiti akan ɗauke ta a matsayin ciwon sanyi.

Madatsun ruwa

Bulinus da Biomphalaria na son ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali, mai ciyayi. Wannan shi ne ainihin abin da madatsar ruwa da magudanan noman rani ke samarwa, kuma shekara zagaye. Kainji ta 1968, Tiga ta 1974 da ke shayar da gonakin Kadawa, da Bakolori a kogin Sakkwato, sun kawo lantarki ko shinkafa da alkama, amma an gina su ba tare da an wadata ƙauyukan da ke gefensu da famfo da masai ba. Misali mafi bayyana ya faru a Senegal: bayan kammala madatsar Diama a 1986, tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll inda a da ba a san ta ba. Madatsar ta hana ruwan gishiri shigowa, ta kuma tare hanyar jatan landen kogi da ke cin dodon koɗi.

Abin da ake yi

Maganin cutar, praziquantel, yana aiki, kuma kamfanin Merck na ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ana raba wa yara a makarantu. Matsalar ita ce yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. Yaron da ya sha yau ya koma rafi gobe zai sake ɗauka. Rabon ta makaranta kuma yana tsallake yaran da ba sa makarantar boko, waɗanda a arewa suka haɗa da almajirai da 'ya'yan makiyaya da na masunta, alhali su suka fi kowa shiga ruwa.

Akwai maganin feshi, niclosamide, da ke kashe dodon koɗi, amma yana haɗawa da kifi. Tun a 1933 wani likita a Sudan, R. G. Archibald, ya nuna cewa 'ya'yan aduwa na kashe dodon koɗin da tsutsotsin da ke fitowa daga jikinsa. Tsutsar da ta fito ba ta wuce kwana biyu a raye idan ba ta sami mutum ba, saboda haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye tsawon wannan lokaci ya fi aminci ga wanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take son tsargiya ta daina zama barazana ga lafiyar jama'a. Rijiyar burtsatse, masai da yashe magudanai kuwa suna cikin kasafin jihohi, ƙananan hukumomi da hukumomin raya koguna, kuma a takardun kasafin ne mai son bibiya zai ga ko an ware masu kuɗi.