Sarauniyar Lugu: Tsakanin Tarihi da Ƙagaggen Labari

Jama'a, yau za mu waiwayi wani ƙaramin gari mai suna Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, cikin Jamhuriyar Nijar. Da yawa daga cikinmu mazauna zango mun san sunan Sarauniya Mangu, amma idan aka tambaye mu inda muka samo labarinta, sai mu tarar daga littafi ne ko daga fim. Ya kamata mu san abin da tarihi ya tabbatar da kuma abin da marubuci ya ƙara.

A farkon shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta ƙetaro kogin Kwara ta nufi Tafkin Chadi, ƙarƙashin kyaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine. Turawan cikinta ba su da yawa. Mafi yawan masu riƙe da bindiga 'yan Afirka ne da aka ɗauka aikin soja, ga kuma ɗimbin 'yan dako da aka tilasta. Duk garin da suka ratsa sai su kwashe hatsi da dabbobi, su kama mutane, su cinna wuta. Labarinsu yakan riga su isa, har garuruwa da dama suka watse ko suka miƙa wuya.

A watan Afrilu suka iso Lugu, garin Azna masu bin addinin gargajiya. Sarauniya a can muƙami ne da mace take riƙewa, tana shugabantar al'amuran tsafi da roƙon ruwa da sasanta jama'a, kuma sarautar tana nan har yau. Mutanen Mangu ba su miƙa wuya ba. Sun tari bindiga da kwari da baka, da wuta ta yi zafi suka janye cikin kurmin da ke kusa da gari, inda ƙaya da duhuwa suka hana sojoji sakewa. Faransawa sun ƙone Lugu, amma sun yi asarar mutane da harsasai masu yawa, kuma ba su kama Sarauniya ba. Daga nan suka wuce Birnin Ƙonni suka yi kisan kiyashi. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe ragamar rundunar, bayan 'yan kwanaki kuma sojojinsu da kansu suka kashe shi da Chanoine.

Takardun Faransawa ba su ba wannan mata fiye da 'yan layuka ba, a cikinsu ma matsafiya suka kira ta. Shekara tamanin sunanta ya yi yana yawo a bakin dattawan Arewa kawai, kafin Abdoulaye Mamani ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna Sarraounia da Faransanci a 1980. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne wanda ya ɗanɗani gudun hijira da kurkuku, saboda haka ya san zafin ƙin rusunawa. A littafinsa ya ba ta ƙuruciya, ya ba ta uban goyo mai suna Dawa da ya koya mata magani da harbi, ya tsayar da ita gaban mayaƙa. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da labarin fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987.

To, shin Mamani ya yi wa tarihi ƙarya? A ganinmu bai yi ba, domin bai ce littafin tarihi ya rubuta ba. Kuskuren namu ne idan muka ɗauki hoton fim muka ce shi ne ainihin abin da ya faru. Masu bincike da suka zauna da mutanen Lugu sun nuna cewa ƙarfin Sarauniya yana cikin maganarta da matsayinta na addini, wanda ya sa manoma da maharba suka tsaya a ranar da masu dawakai da ganuwa suka kasa. Wannan jaruntaka ba ta gaza ta riƙon mashi ba. Mun saba auna bajinta da ma'aunin maza, shi ya sa sai an miƙa wa mace takobi kafin mu yarda jaruma ce.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Sarauniya Bazna ce, wannan na cikin dalilan da suka sa malamanmu masu rubuta tarihin sarakuna ba su kula da ita ba, alhali Hausa take ji kamar mu. Yaranmu da ke karatu a Kumasi sun haddace labarin Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci Asante a kan Ingilishi a 1900, shekara guda bayan yaƙin Lugu. Ya dace su san nasu ma.

Mu ba su littafin, mu nuna musu fim ɗin, sannan mu gaya musu inda alƙalamin marubuci ya shiga. Wanda kuma yake da kaka da ta fito daga Arewa ko Ƙonni, ya zauna ya saurare ta tun tana raye, ya rubuta abin da ya ji. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan shekara ta 1899, Ya ba mu ikon riƙe amanar tarihinmu.