Tsarin Ayari: Yadda Fataken Gwanja Suka Riƙe Lissafinsu a Kan Hanya

A shekarar 1826, matafiyin nan ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Borgu, yana dawowa daga Gwanja. Ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, ga dabbobin kaya kusan yawan haka. Jama'a mai wannan yawa ba ta ratsa daji da koguna da ƙasashen sarakuna dabam-dabam na tsawon watanni sai da tsari mai ƙarfi. Wannan tsari shi ne ginshiƙin fataucin goro tsakanin Kano da Salaga a ƙarni na goma sha tara.

Abu na farko shi ne lokaci. Ayari kan tashi ne bayan ɗaukewar damina, sa'ad da koguna suka ja baya, hanya ta bushe, amma ciyawa da ruwan sha ba su ƙare ba. Wanda ya makara da haɗa kayansa, na kanwa ne ko turkuɗi ko jan fata, ayari ba ya jiran sa, kuma tafiya shi kaɗai ta Borgu kasada ce da rai da dukiya, domin 'yan fashi na dakon wanda ya ware.

Na biyu shi ne rabon aiki. Madugu ne shugaba. Shi ke zaɓar hanya, ya sasanta rigima, ya gana da sarakunan da za a bi ta ƙasarsu. Jagaba kan wuce gaba ya duba hanya da wurin yada zango. Uban dawaki ke tara kuɗin da kowane falke zai bayar gwargwadon kayansa, domin biyan garama da kuɗin fito a mashigar Kwara. Malamin ayari kuwa shi ke jan salla, ya yi addu'ar tashi, ya rubuta wasiƙu da abin da ya kamata a ajiye a rubuce. Kowa ya san nauyin da ke kansa tun kafin jaki na farko ya fita ƙofar gari, saboda haka ba a tsayawa gardama a bakin kogi.

Na uku shi ne masauki. A manyan zangunan hanya, irin su Jugu da Sansanin Mango da Yandi, falke ba ya neman wurin kwana da ka. Yana da fatoma, mai gidan da ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa idan ciniki ya kai ga bashi. Sau da yawa wannan hulɗa gado ce, ɗa ya sauka inda ubansa ya saba sauka.

Goron kansa ma yana tilasta horo. Ba ya jure sakaci: ana naɗe shi da ɗanyen ganye a cikin huhu, a riƙa kwancewa lokaci-lokaci ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa kada ya ɓata sauran. Ana ƙirga shi da ƙwarya, wato goro ɗari. Kuɗin ma kaya ne. Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Ɗaukar dukiya mai yawa a wuri yana cin jakuna, don haka falke mai dabara kan riƙe jarinsa a cikin hajar da zai sayar a kasuwannin hanya, ya biya abinci da garama daga ribarta.

Hanyar ta fara rauni bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, wanda ya sassauta ikon Asante a kan kasuwar Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya watse garin, fatake suka koma wurare kamar Kete Krachi. Daga baya jirgin ruwa zuwa Ikko, da jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, suka gaje aikin jaki. Sai dai horon bai mutu ba. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawan Bebeji da ya taso cikin fataucin goro, yana cikin waɗanda suka koma aika goro ta teku, kafin ya shahara a cinikin gyaɗa.

Ɗan kasuwar yau da ke yawo tsakanin Kano da Legas da Dubai yana fuskantar tambayoyin da madugu ke warwarewa kafin tashi: yaushe za a tafi, wa ke riƙe da kuɗin hanya, a hannun wa za a sauka, wane kaya ne ba ya jure jinkiri, kuma wa ke rubuta abin da aka kashe. Bambancin shi ne a yau mutum ɗaya ne madugun kansa, shi ne jagaba, shi ne malamin ayari.