Daga Rediyon Hunan zuwa Motar Proton

Ɗalibin Kano ko Katsina da ya zo karatu Jami'ar Malaya, a unguwar Lembah Pantai ta birnin Kuala Lumpur, ba ya kwana biyu bai lura da wani dogon gini a kan tudu ba, a hayin babban titin Federal. Angkasapuri ke nan, gidan rediyo da talbijin na gwamnatin Malesiya. Akwai zamanin da wannan gida ke da kishiya a sararin samaniya. Daga 1969, wata tasha da ke lardin Hunan a ƙasar Sin ta riƙa watsa shirye-shirye da Malayanci da Sinanci da Tamilanci, tana zuga mayaƙan kwaminis na Chin Peng da suka shige daji a kan iyakar Tailan. A wancan lokaci juyin juya hali ne hajar da Beijin ke turawa Malesiya.

Duk da haka Firayim Minista Tun Abdul Razak ya tafi Beijin a watan Mayun 1974, ya gaisa da Mao, Malesiya ta zama ta farko cikin ƙasashen ƙungiyar ASEAN ta kudu maso gabashin Asiya da ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin. Najeriya ta riga ta, tun 1971. Amma zumunci ne na ga hannu, ga wuƙa a ƙugu, domin rediyon bai yi shiru ba.

Jagoran Sin Deng Xiaoping ne ya sauya lissafin. A Nuwamban 1978 ya zagaya Tailan da Malesiya da Singafo, ya ga abin da jarin waje ya yi wa ƙasashen da jaridun Sin ke yi wa kallon 'yan koren Turawa. Wata guda bayan komawarsa, jam'iyyarsa ta amince da buɗe ƙofa. A 1980 aka keɓe Shenzhen don masu zuba jari, a 1981 tashar Hunan ta rufe baki. Mai neman ciniki ba ya zagin maƙwabci a lasifika. Chin Peng kuwa, da ya ga inuwa ta janye, ya sa hannu a kan sulhu a Hat Yai cikin Disamban 1989.

Ni a ganina amana ta fara shiga ne a lokacin wahala. Da guguwar tattalin arziki ta 1997 ta kayar da kuɗaɗen yankin, ringgit na Malesiya ya zube, kowa ya zuba ido ya ga ko Sin za ta karya darajar yuwan don ta kwashe kasuwa. Ba ta karya ba. Firayim Minista Mahathir Mohamad ya ƙi maganin IMF, wanda mu a Najeriya mun san ɗacinsa tun zamanin SAP, ya ɗaure ringgit a kan 3.80 ga dala ɗaya a Satumban 1998. Ranar 21 ga Yuli 2005 Sin ta kwance yuwan daga jikin dala, a ranar nan Malesiya ta kwance nata. Wannan ya ishi mai hankali ya gane inda Kuala Lumpur ta fara duba kafin ta motsa.

Tsakanin nan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, kayanta suka malale ko'ina. Mu mun ga namu rabon a Kantin Kwari, inda atamfar Sin ta cika rumfuna yayin da masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Malesiya ma ta ji jiki a ƙananan masana'antu, sai dai tana da abin sayarwa: manja, gas, da ƙananan kayan lantarkin da ake haɗawa a Penang. Tun 2009 Sin ce babbar abokiyar cinikinta.

Jami'ar Malaya ta bi sahu. Ta buɗe cibiyar nazarin ƙasar Sin, ta kuma karɓi cibiyar Kong Zi mai koyar da Sinanci. Firayim Ministan Sin Wen Jiabao ya zo ya zanta da ɗalibanta a 2011. Shekara uku bayan haka Barack Obama ya zo ya yi nasa taron da matasa a wannan jami'a. Malesiya ta shimfiɗa wa kowa tabarma, ba ta ce wa kowa ya tashi ba.

Inda aka yi ciniki na gaske shi ne layin dogo na gabar gabas, wanda gwamnatin Najib Razak ta ba kamfanin Sin a kan bashin bankin Sin. Da Mahathir ya dawo mulki a 2018, yana da shekara 92, ya dakatar da aikin, ya je har Beijin ya yi gargaɗi a kan sabon salon mulkin mallaka. Mutane suka ce tsoho ya ɓata rawarsa da tsalle. A Afrilun 2019 aka dawo teburi, kuɗin ya sauka daga ringgit biliyan 65.5 zuwa biliyan 44. Ashe an taya, albarka kawai ya ce.

Amma abin da ya fi so ya riga ya kuɓuce masa. Proton, motar ƙasa da ya kafa a 1983 da taimakon Mitsubishi na Japan, ta yi ta tafka asara har aka sayar wa Geely na Sin kashi 49.9 cikin ɗari a 2017. Yau in ka tsaya a tashar jirgin Kerinchi da yamma, kana kallon cunkoson masu komawa gida ta gaban Angkasapuri, za ka ƙirga Proton X70 da yawa. Tambarin damisa na Malesiya ne a goshinta, amma ƙirarta ta Geely Boyue ce, kuma rukunin farko da aka sayar a 2018 daga Sin aka shigo da su a haɗe.