Duwatsun Govan da masarautar da aka manta

A bakin kogin Clyde, cikin birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, wadda muke kira Ekos a ajin Faransanci, akwai wata unguwa mai suna Govan. Duniya ta san ta da ƙirar jiragen ruwa. Majami'ar unguwar kuwa, ginin da ke tsaye a yau an gama shi ne a 1888, bisa zanen Robert Rowand Anderson. Mai kallon bango kawai zai ce ai wannan jiya-jiya ce, alhali tsufan wurin yana ƙarƙashin ƙasa.

A 1855, wani mai ginar kabari ya ci karo da akwatin gawa da aka sassaƙa daga dutse guda, an zana masa dabbobi da wani mahayi yana farauta. Ana danganta shi da Constantine, waliyyin da majami'ar ke ɗauke da sunansa. Daga 1994 zuwa 1996, masu tonon kayan tarihi na Jami'ar Gilasgo, ƙarƙashin Stephen Driscoll, suka tarar da kaburburan Kirista na ƙarni na 5 zuwa na 6. Ke nan an yi kusan shekara 1500 ana ibada a wannan fili.

To, me ya ɗaukaka Govan? Yaƙi ne. A 870, maharan teku da ake kira Vikings suka taso daga Dublin, suka yi wa dutsen Dumbarton zobe wata huɗu. Nan ne fadar mutanen ƙasar, masu harshe ɗan'uwan na Wales. Da fadar ta faɗi, aka kwashe jama'a bayi. Waɗanda suka tsira suka gusa cikin ƙasa, masarautar Strathclyde ta kafu, Govan ta zama makwancin manyanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne duwatsu biyar masu gantsararren baya, siffar gidajen mutanen Arewacin Turai, har da zanen rufin. Ga kabarin Kirista, ga salon maharan jiya! A ganina, wannan ya nuna cewa bayan takobi an yi cuɗanya, wataƙila har da auratayya. Masarautar ba ta bar mana littafin tarihinta ba, sai abin da maƙwabta suka rubuta a kanta, shi ya sa kowane dutse yake da nauyin shaida.

A ƙarni na 11 Sikotilan ta haɗiye masarautar, a na 12 kuma Sarki David na 1 ya ba da Govan ga babbar majami'ar Gilasgo. Ƙarnoni bayan haka, mutanen unguwa suka riƙa ɗora tsofaffin duwatsun kan kaburburan iyayensu, suna sassaƙa haruffan sunayensu a kai. Ɓarna ce, amma ita ta tsare su a wurin.

Babbar asara ta zo a zamanin masu ilimi. A 1973, lokacin rushe ma'aikatar jiragen ruwa da ke maƙwabtaka, duwatsun da aka bari a maƙabarta suka ɓace, aka ɗauka an kwashe su da tarkace. Guda 31 da ke cikin majami'ar suka tsira. A 2007 wurin ya daina zama majami'ar unguwa. A 2019 aka sake gano uku daga cikin ɓatattun, wani ɗan makaranta mai shekara 14 ne ya fara taɓo ɗaya. A 2023 kuma aka tono wani guntun dutse da ba a taɓa sani ba, mai siffar mayaƙi riƙe da garkuwa.