Yadda Boko Ya Shiga Makarantar Malam: Tarihin Karatun 'Ya'yan Zango a Ghana



Akwai wata magana da ake yawan jifan mu da ita, wai ɗan zango ba ya son karatu, da ya ɗan tasa sai ya bar aji ya zama yaron mota ko ya bi uwarsa kasuwa. An maimaita ta har wasunmu sun fara yarda. To amma duk wanda ya bi tarihin ilimi a Ghana zai ga iyayenmu suna da dalilin da ya sa suke cire 'ya'yansu daga boko, kuma zai ga cewa abin ya fara sauƙi ne lokacin da gwamnati ta yarda ta raba aiki da malaman unguwa. Wannan tarihin nake so mu duba a yau.

Kakanninmu ba jahilai suka zo ƙasar nan ba. Fataken goro da suke zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Barno suna tafe da malamansu, kuma duk inda aka yada zango sai an kafa masallaci da makarantar allo. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai jama'a suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra da sauran garuruwa. Cikinsu akwai manyan malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya yi rubuce-rubuce da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Kun ga har yau a Ghana idan aka ce "makaranta", ko wanda ba ya jin Hausa ya san makarantar Alƙur'ani ake nufi.

Shi kuwa boko ta hannun 'yan mishan ya shigo. 'Yan Basel sun iso a 1828, 'yan Metodis a 1835, kuma su ne suka gina yawancin makarantun farko. Dokar ilimi ta 1882 ta tsara yadda gwamnatin mulkin mallaka za ta riƙa ba makarantun mishan tallafin kuɗi. Daga baya tsarin ya zama coci ce ke riƙe da makaranta, gwamnati kuma tana biyan malamai. Wato haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin al'umma tsohon abu ne a Ghana, sai dai Musulmin zango ba sa ciki. Uba zai kai ɗansa aji, ya dawo gida yana rera waƙoƙin coci, wani ma a sauya masa suna. Me kuke tsammani uban zai yi? Sai ya cire shi ya mayar wa malam. 'Yan Ahmadiyya, da suka zo a 1921, sun buɗe makarantun boko, har da sakandarensu ta Kumasi a 1950, amma mafi yawan mutanen zango ba su kai 'ya'yansu can ba saboda saɓanin aƙida.

Kwame Nkrumah ya yi ƙoƙari ƙwarai. Shirinsa na faɗaɗa ilimi na 1951 ya ƙara yawan azuzuwa, kuma dokar ilimi ta 1961 ta ce karatun firamare da na midil kyauta ne kuma dole. Amma doka ba ta cire tsoro daga zuciyar uba. Sai kuma ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba 1969, da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Gidaje da yawa a zango sun watse, har da na mutanen da a Ghana aka haife su. Wanda aka nuna masa cewa shi baƙo ne, da wuya ya miƙa ɗansa ga makarantar gwamnati da zuciya ɗaya.

A wannan tsakanin su ma malaman addini sun fara sauya salo. A Tamale, Afa Ajura ya kafa makarantar Anbariya. Ɗaliban da suka samu gurbin karatu a Azhar da Jami'ar Madina suka dawo suka buɗe makarantun Larabci masu benci da allon bango da aji-aji. Matsalar ita ce yaro zai gama ya iya nahawu da fiƙihu, amma ba shi da takardar da za ta ba shi aikin gwamnati, ba ya iya cike fom da Turanci. Iyaye sun ga haka, malamai ma sun gani.

A farkon shekarun 1970 jami'an ilimi a Tamale suka sauya dabara. Maimakon su ci gaba da roƙon iyaye su kawo yara makarantar gwamnati, sai suka je wajen masu makarantun Islamiyya suka ce: ku bar mu mu turo malaman Turanci da lissafi cikin makarantarku, mu za mu biya su albashi, ku kuma ku ci gaba da karatunku na addini. Daga nan aka samu makarantun da ake kira na Turanci da Larabci. A 1987, zamanin Rawlings, shekarar da aka yi babban garambawul na ilimi aka kawo ƙaramar sakandare ta shekara uku, gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci, wato Islamic Education Unit, a ƙarƙashin hukumar ilimi ta GES. Musulmi suka samu irin matsayin da coci-coci suka daɗe da shi.

Ga yadda rabon aikin yake. Mai makaranta ko kwamitin masallaci shi ke da fili da gini, shi ke kula da darussan Larabci da addini. GES tana turo malaman boko, ta biya su, ta ba da manhaja, ta turo masu duba aiki, yara kuma su rubuta jarrabawar BECE kamar kowa. Abin da ya sa wannan ya riƙe yara a aji ba wani sirri ba ne. Uba ya san malamin, tare suke salla. Yarinya za ta je aji da hijabinta ba wanda zai ce ta cire. Idan yaro ya yi kwana uku bai zo ba, malam zai tare uban a ƙofar masallaci ya tambaye shi, abin da hedimasta baƙo ba zai iya ba. Yau da wuya ka shiga Nima ko Aboabo ko wani babban zango ka rasa irin wannan makaranta.

Irin wannan dabara ta yi aiki a wani wurin ma. A ƙauyukan arewacin Ghana, inda matsalar ita ce yara suna gona da kiwo da safe, ƙungiyar School for Life ta fara aiki a 1995. Mutanen gari su ke zaɓar mai koyarwa daga cikinsu, a koyar da yara 'yan shekara 8 zuwa 14 da harshen uwa, da rana bayan an dawo daga gona, na tsawon wata tara, sannan a miƙa su ga firamaren gwamnati. Daga 2013 gwamnati ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi da taimakon Birtaniya da Amurka.

Kada fa mu ce kuɗi ba su da tasiri. A 2005 gwamnati ta soke kuɗaɗen da makarantun firamare ke karɓa ta maye su da tallafi a kan kowane ɗalibi, ta kuma fara ciyar da yara a makaranta. A 2017 aka mai da babbar sakandare kyauta, aka kuma kafa asusun raya unguwannin zango. A 2024 Larabci ya shiga cikin darussan BECE. Duk waɗannan ci gaba ne. Amma tsohon mikin bai gama warkewa ba: a azumin 2021 an yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasa baki ɗaya bayan makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi. Duk uban da ya ji wannan labari, tsoron kakansa ne zai dawo masa.

Sannan mu ma akwai namu laifin. Malaman Larabci da yawa ba sa cikin albashin gwamnati, abin da iyaye suka tara suke ci, wani watan ma babu. Wasu gine-ginen sun tsufa, aji ya cika maƙil. Kuma inda yara suka fi zubewa shi ne bayan ƙaramar sakandare: namiji ya tafi koyon kanikanci ko ya fara mafarkin ƙetare, mace a ce ta isa aure ko ta kama talla. A wannan gaɓar malamin unguwa ba ya nan, domin babbar sakandare galibi tana nesa da gida.

To a nan ne aikinmu yake, mu da Allah Ya ba damar zuwa jami'a. Kusan kowane layi a zango yana da majalisar samari, kowane masallaci yana da kwamiti, mata suna da ƙungiyoyin biki da adashi. Me zai hana majalisa ɗaya ta ɗauki makaranta ɗaya? A je wurin hedimasta a karɓi sunayen yaran da suka daina zuwa, a bi su gida-gida tare da liman. A ware yammacin Asabar a yi wa 'yan ajin ƙarshe bitar lissafi da Turanci. A taimaka wa iyayen da ba su yi boko ba wajen zaɓen sakandare da cike fom. Wanda yake Landan ko Hambug ko Jidda, ya ɗauki albashin malamin Larabci ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma malaman Tamale sun riga sun nuna mana cewa ana iya zama da gwamnati a yi ciniki ba tare da an sayar da addini ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka rigaye mu, Ya shirya mana ƙannenmu, Ya sa mu dace. Wassalam.