FTAN da Baƙin da Ke Sauka a Singa

An kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Yawon Buɗe Ido ta Najeriya, wadda aka fi sani da FTAN, a 1997, amma tushen maganar ya girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Tun 1962 wasu kamfanoni da jami'an gwamnati suka haɗu suka kafa ƙungiyar farko ta wannan harka. Ba ta yi ƙarfi ba, don haka a 1976, ana shirye-shiryen bikin FESTAC na 1977 wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, gwamnatin soja ta fitar da doka ta 54 ta mayar da aikin hannun hukuma. A 1992 doka ta 81 ta haifi hukumar NTDC, aka ba ta ikon yi wa otal-otal rajista da tantance darajarsu a duk faɗin ƙasa. Gwamnati ta tattara hannunta wuri guda, su kuwa masu sana'ar suna warwatse: masu sayar da tikitin jirgi suna ƙarƙashin NANTA, masu otal da tasu ƙungiyar, masu shirya tafiye-tafiye da tasu, kowa na kukansa shi kaɗai. Wannan rarrabuwa ce ta sa aka ga dole a yi inuwa ɗaya da za ta riƙa magana da gwamnati da yawun kowa.

Tun daga nan yawancin gwagwarmayar FTAN ta tsaya a kan abu biyu, wato haraji kan haraji, da tambayar wa ke da hurumin sa ido. Mai otal a Sabon Garin Kano ya san zancen sarai, domin jami'in gwamnatin tarayya ya zo da rasit ɗinsa, na jiha ya biyo baya, na ƙaramar hukuma ma bai yafe ba. A watan Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, ta ce ba wa otal lasisi da tantance shi aikin jihohi ne, abin da ya rage wa gwamnatin tarayya shi ne shige da ficen baƙi 'yan ƙasashen waje. Duk da haka ba a huta ba. A 2023 aka sa hannu kan sababbin dokokin da suka mayar da NTDC zuwa NTDA suka kuma faɗaɗa ikon cibiyar horaswa ta NIHOTOUR, FTAN ta fito ta ce wasu sassansu sun ci karo da wancan hukunci. A shekarar ne kuma aka ware wa yawon buɗe ido ma'aikatarsa, abin da masu harkar suka daɗe suna nema, sai ga shi a Oktoban 2024 an sake haɗe ta da ta al'adu. Wanda ya ce FTAN ba ta yi aiki ba bai yi mata adalci ba.

Inda nake ganin ta gaza shi ne wajen gane wane ne baƙon Kano. A shiga Kasuwar Singa da hantsi a ga manyan motoci sun toshe hanya, 'yan dako na sauke buhunan sukari da fulawa, ana loda katan-katan na taliya da madara da jarkokin man girki. Da yawa daga cikin masu sarin nan ba 'yan gari ba ne. Daga Maraɗi da Damagaram suke, wasu daga Chadi da arewacin Kamaru, sun canza sefarsu a Wapa, sun kama ɗaki a Fagge ko Sabon Gari, gobe su leƙa Kantin Kwari ko Dawanau kafin su juya. Su ne ke cika ƙananan masaukai, su ke ciyar da mai abinci da mai a-daidaita-sahu. Kuma ba jiya aka fara ba, Fagge zangon ayari ce tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatoma kuwa ya riga otal sanin haƙƙin baƙo.

Za a ce falke ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, neman riba ya kawo shi. To amma ma'aunin da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da shi ya haɗa da wanda ya zo kasuwanci, muddin bai kai shekara ba kuma ba aikin albashi ya kama a garin ba. Da irin wannan baƙon Dubai ta gina sunanta, kuma 'yan kasuwar Kano na cikin masu kai mata kuɗin. Za a kuma ce 'yan Singa suna da ƙungiyoyinsu, su yi wa kansu magana. Suna yi, amma maganarsu ta farashi ce da rumfuna da gobara, ba su da kujera a teburin da ake tsara karɓar baƙi. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, asarar ba ta tsaya a kan mai shago ba, ta shafi duk wanda ke cin abinci da saukar baƙo. Shige da ficen nan kuwa shi ne ainihin abin da Kotun Ƙoli ta bar wa gwamnatin tarayya, wato fagen da ya fi cancanta FTAN ta ɗaga murya a Abuja.

Ba na raina hawan Sallah. UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, abin alfahari ne ga kowane Bakano. Sai dai kwanaki kaɗan ne a shekara, kuma rikicin masarauta ya sa an dakatar da shi a Babbar Sallar 2024 da kuma a 2025, alhali Singa ba ta daina karɓar baƙi ba. Tunda ikon otal yana hannun jiha, wakilan FTAN a Kano su nufi Majalisar Dokokin Jiha tare da shugabannin kasuwa, su nemi a dunƙule harajin masaukai ya zama ɗaya, a samar da wurin ajiye manyan motoci da hanyar da motar kashe gobara za ta iya ratsawa. A Abuja kuma su nemi a rage shingayen da ke tsakanin Jibiya da Kano, a kuma fara tsara yadda za a karɓi fasinjojin layin dogon Kano zuwa Maraɗi tun kafin a gama shimfiɗa shi.